Sabon Garin Kano: Tarihin Titunanta da Masu Filayenta na Farko

Kafin safiyon Turawa ya kafa turke na farko a inda Sabon Gari take yau, wurin fili ne na noma da kiwo a arewa maso gabashin ganuwar Kano, gaba da Fagge, a gefen rafin Jakara. Wanda yake son ya fahimci yadda wannan fili ya zama unguwa mai miƙaƙƙun tituna, da dalilin da ya sa har gobe ake kiran mazaunanta baƙi alhali kakannin wasunsu a can aka haife su, sai ya fara da tambayar yadda Kano take saukar da baƙo tun kafin zuwan Nasara.

Kafin 1903

Abin da ake faɗa a baka, wanda kuma littafin Tarihin Kano ya adana, shi ne mutanen farko sun zauna a gindin dutsen Dala ƙarƙashin Barbushe, sannan Bagauda ya zo ya kafa sarauta wajen shekarar 999. Wannan zance ne na gado, babu wata shaida daga zamanin da za ta tabbatar da shekarar. Littafin ya ce Sarki Gijimasu ne ya fara ginin ganuwa, kuma a zamanin Sarki Yaji (1349 zuwa 1385) Wangarawa suka iso daga Mali da addini da fatauci. Daga zamanin Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) labari ya fi tsayuwa da ƙafafunsa, domin Gidan Rumfa da Kasuwar Kurmi suna nan, haka nan rubuce-rubucen Shehu Magili da ya zauna a Kano a lokacin.

Abin lura a cikin wannan dogon zamani shi ne Kano ba ta taɓa rasa baƙi ba, kuma tana da hanyar da take bi da su. Ayari ya iso, sai ya sauka a zango ko a gidan fatoma. Wanda ya yi niyyar zama sai maigidansa ya kai shi wurin mai unguwa, a nema masa kango ko fili da yardar fada. Ya gina, ya yi aure, ya biya abin da ake biya, 'ya'yansa su tashi Kanawa. Sunayen unguwannin birni su ne shaida: Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Agadasawa, Sharifai, da Dandalin Turawa inda Larabawan Gadamas da Tarabulus suka zauna. Unguwar Ayagi ta Yarabawa ce, ana kuma cewa fatake daga Ilori da Ogbomosho ne suka kafa ta a zamanin Sarki Ibrahim Dabo (1819 zuwa 1846). Jikokinsu yau ba mai bambanta su da sauran mutanen birni sai wanda ya san asalin gidajen. Ita ma Fagge, da take wajen ganuwa, tsohon masauki ce ta ayarin Azbinawa masu kawo gishiri a kan raƙuma, kuma a ƙarƙashin Sarki take.

Game da ƙasa kuwa, bayan jihadi an bi fiƙihun Malikiyya tare da al'adar da aka tarar. Abdullahi ɗan Fodiyo har littafi ya rubuta a kan hukuncin filaye da hanyoyin da mutum yake samun haƙƙi a kansu. A ƙa'ida ƙasa amana ce a hannun Sarki, shi yake rabawa ta hannun hakimai da dagatai. A aikace kuwa manomin karkarar Kano yana gadon gonar ubansa, yana ba da aronta, yana jinginar da ita idan ya matsu, kuma a ƙauyukan da ke kewaye da birni, inda jama'a ta yi yawa, ana sayar da gona da sanin dagaci. Akwai gandayen sarauta da bayi suke nomawa, irin na Fanisau da Ɗorayi da Nassarawa, akwai hurumi, akwai makiyaya da burtali. Babu wata doka da ta ce don mutum ya fito daga wata ƙasa ba zai taɓa zama ɗan gari ba. Sharaɗin da ba a rubuta ba shi ne ya bi Sarki, kuma galibin waɗanda suka zo Musulmi ne, don haka shari'ar alƙali ta ishe su.

1903 zuwa 1910: ƙasa ta koma hannun Gwamna

Ranar 3 ga Fabrairu 1903 rundunar Kanar Morland ta shiga Kano, lokacin Sarki Alu yana hanyar Sakkwato. Lugga, shugaban Turawan mulkin Arewa, ya naɗa Wambai Abbas sarki, Turawa kuma suka ƙi zama a cikin birni. Suka kafa ofisoshinsu a Nassarawa, inda sarakunan Kano suke da gida da gandu, suka ajiye soja a wajen Bompai. Tun daga ranar aka sami Kano biyu, ta cikin ganuwa da ta bariki.

Hujjar Lugga a kan ƙasa gajeriya ce. Ya ce Fulani da yaƙi suka ci ƙasar, Ingila ta ci su da yaƙi, saboda haka duk ikon da yake hannunsu ya dawo hannunta. Tun 1900 ma ya yi doka cewa wanda ba ɗan ƙasa ba ba zai mallaki fili a Arewa ba sai da izinin gwamnati. Amma wanda ya gina tsarin da ya dawwama shi ne magajinsa, Percy Girouard, injiniyan jirgin ƙasa ɗan Kanada, wanda ya riƙe Arewa daga 1907 zuwa 1909. Ya san dogo yana tafe Kano, ya kuma ga abin da ya faru a Ikko, inda filaye suka zama haja, lauyoyi da dillalai suka yi ta cin kasuwarsu. A 1908 aka zaunar da kwamiti a Landan don duba sha'anin filayen Arewa. Cikin masu faɗa a ji a wannan aiki akwai Charles Temple, wanda ya yi Razdan a Kano, mutum ne kuma da ra'ayin Henry George na Amurka ya shige shi, wato cewa ƙasa ta al'umma ce, ribar tashin darajarta bai kamata ta shiga aljihun mutum ɗaya ba.

Kwamitin ya yanke cewa mutanen Arewa ba su san mallakar ƙasa ta ƙashin kai ba. Wannan magana ba ta yi daidai da abin da yake faruwa a Kano ba. Littattafan shari'ar majalisar Sarki Abbas na 1913 da 1914 suna nan, cike suke da ƙararrakin gona da gida da gado, na mutanen da suka san iyakar abinsu sarai. Amma ba a kira manomin Kumbotso ko na Ungogo Landan ba, jami'an Turawa ne suka yi magana da yawunsa. Sakamakon shi ne dokar filaye ta 1910, wadda aka sake wa fasali a 1916: duk ƙasar Arewa, wadda ake zaune a kai da wadda ba a zaune, tana ƙarƙashin ikon Gwamna, yana riƙe da ita don amfanin 'yan ƙasa. Ba mai mallaka, sai dai haƙƙin zama. Ɗan ƙasa ya ci gaba da zama a gonarsa bisa al'ada. Wanda ba ɗan ƙasa ba kuwa sai ya nemi takardar izinin zama ta wasu shekaru, ya riƙa biyan haya, kuma ba zai sayar ko ya jinginar ba sai Gwamna ya yarda.

A ganina dokar ta yi wa talakan Arewa rana ta fuska ɗaya, domin ta hana kamfanonin Turai yanke manyan gonaki kamar yadda aka yi a Kenya da Kwango. Amma ta dasa wani abu da ba a san shi ba a da. Ta raba mutane gida biyu a gaban ƙasa, ta kuma sa Bayarabe ko mutumin Anacha a layi ɗaya da Bature da Basiriye, a matsayin wanda zamansa na wa'adi ne.

1911 zuwa 1917: dogo, gyaɗa da fuloti

Dogon da aka faro daga Baro ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912. Turawa auduga suka sa rai za a loda, don masaƙun Lankasha. Manoman Kano suka duba farashi suka zaɓi gyaɗa, wadda ko ba a saya ba za a ci. Gyaɗar da Nijeriya ta fitar a 1912 ba ta kai tan 3,000 ba, a 1913 ta haura tan 19,000. Cikin ƙanƙanin lokaci kamfanoni irin su Niger Company da John Holt da London and Kano suka kafa kantuna kusa da tasha, Siriyawa da Labanawa suka biyo, aka yanka musu nasu fegi a kudancin Fagge, wurin da ya zama Kantin Kwari.

Kanti kuwa ba ya tafiya sai da akawu, tasha ba ta tafiya sai da mai buga waya da direba da makaniki da kafinta. Makarantar Ɗan Hausa da aka buɗe a Nassarawa a 1909 ba ta kai ga yaye masu irin wannan aiki ba tukuna. Don haka aka kwaso su daga inda mishan ta daɗe: Saliyo, Gwalkwas, Ikko, Abekuta. Ga kuma leburorin da suka shimfiɗa dogo, ga tsofaffin sojoji da aka sallama, ga masu dafa wa Turawa abinci. Ina za a sa su?

Birni bai yiwu ba, saboda dalilai da suka haɗu. Turawa sun yi wa sarakuna alkawarin ba za su taɓa addini ba, waɗannan baƙi kuwa da yawansu Kirista ne masu son coci da makaranta. An haramta sayar wa 'yan Arewa barasar Turai, su kuwa ana ba su izini. Ba sa ƙarƙashin alƙali, shari'ar Turawa ce take hawansu. Akwai kuma dalilin da jami'an ba su ɓoye shi ba a rubuce-rubucensu: suna tsoron akawun Ikko mai karanta jarida, mai rubuta takardar koke, kada ya koya wa talakan Sarki gardama. Unguwar Turawa ma ba ta yiwu ba, domin likitocinsu sun ce zama kusa da baƙar fata shi ke kawo musu zazzaɓin cizon sauro da shawara. Ƙa'idar da Lugga ya tsaya a kai ita ce a bar fili na yadi 440 babu gini tsakanin gidajen Turawa da na kowa.

A 1913 aka yanka Sabon Gari. Safiyo ya ja tituna a miƙe, wasu suka ratsa wasu, aka fitar da fulotai masu kusurwa huɗu. Ma'aunin da ya zama ruwan dare shi ne ƙafa 50 a faɗi, ƙafa 100 a tsawo. A bayan kowane jeri aka bar siririn lungu don masu kwasar bahaya su bi da dare su ɗauke bokiti, duba-gari kuma ya bi da safe ya gani. Wanda ya saba da lungunan birni, inda hanya take lanƙwasa ta bi katangar gida, zai gane bambancin nan take. A birni gida ne ya riga hanya. A Sabon Gari hanya aka fara ja, aka ba fili lamba, sannan aka nemo mai zama.

Mai rabon fulotin shi ne Joji, wato Baturen da yake shari'a kuma yake mulkin bariki. Dokar garuruwa ta 1917 ta tabbatar da wannan tsari, ta sa barikin Kano a aji na biyu, Ikko kaɗai ce a aji na ɗaya. Sarkin Kano ba shi da ta cewa a Sabon Gari, ko da yake daga Ƙofar Mata ba wata tafiya ba ce. Wanda aka ba fuloti zai biya haya duk shekara, zai gina cikin lokacin da aka ɗibar masa, kuma ana iya karɓewa idan ya saɓa sharaɗi ko gwamnati ta buƙaci wurin. Mutumin da ya san zamansa na wa'adi ne ba ya zuba dukiya a gini. Gidajen farko na ƙasa ne da ciyawa, daga baya kwano ya shigo.

Su wa suka karɓi fulotan farko? A nan akwai abin da mutane da yawa suka manta. Sabon Gari ta farko ba ta 'yan Kudu kaɗai ba ce. Akwai Saliyawa da mutanen Gwalkwas, waɗanda su ne manyan akawuna. Akwai Yarabawa, waɗanda suka fi kowa yawa cikin 'yan Kudu a shekarun farko, Musulminsu da Kiristansu. Akwai Nufawa, akwai kuma Hausawa masu yawa, tsofaffin sojoji da leburori da 'yan koli da matan da suka bar garuruwansu, musamman bayan yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 da ta tarwatsa ƙauyuka. Wannan cakuɗa ba ta yi wa Turawa daɗi ba, domin ta rushe dalilin kafa unguwar. Shi ya sa aka yanka Tudun Wada don 'yan Arewa waɗanda ba Kanawa ba, aka yi ta ƙoƙarin mayar da su can. Ƙoƙarin bai taɓa cika ba, saboda kasuwa tana Sabon Gari, mutum kuma ba ya nisa da inda abincinsa yake.

1920 zuwa 1940: sunayen da aka sa wa tituna

Titunan Sabon Gari sun kasu ne bisa waɗanda suka taka rawa a wannan zamani. Akwai na jami'an Turawa, irin su Festing Road, da sunan Manjo Festing wanda ya riƙe Razdan a Kano a farkon mulkin, da Aitken da Weatherhead. Akwai na garuruwan da mazauna suka baro: Abeokuta Road, Ijebu Road, Warri Road, Enugu Road, Freetown, Gold Coast. Akwai na ƙabilu kai tsaye, Yoruba Road da Ibo Road. Akwai Zungeru Road, da sunan garin da ya kasance hedikwatar Arewa kafin a koma Kaduna a 1917. Sai waɗanda suke faɗin abin da ke kansu ko inda suka faɗo a tsari, kamar Church Road da Court Road da Middle Road da New Road. Burma Road kuwa tana tuna yaƙin duniya na biyu, lokacin da aka kwashi dubban samarin Nijeriya zuwa dazukan Bama.

Kada sunan titi ya ruɗi mai karatu ya ɗauka kowace ƙabila an killace ta a layinta. Gida ɗaya a Yoruba Road yana iya zama na Bayarabe, 'yan hayarsa kuwa Ibo da Urhobo da Banufe. Abin da ya fi tasiri shi ne wanda ya riga zuwa yakan sauki ɗan garinsu, har ya sama masa aiki da ɗaki.

France Road, babban titin da ya bi ta gefen kasuwa, shi ne aka fi yi wa gurguwar fahimta. Ba ƙasar Faransa ake nufi ba. Sunan wani mutum ne, G. E. France, tsohon akawun gwamnati, wanda Turawa suka ɗora a kan shugabancin unguwar, mutane suna ce masa Sarkin Sabon Gari. Shi ya shugabanci kotun haɗaka da aka kafa, inda wakilan manyan ƙabilu suke zama tare su yanke ƙananan shari'u na aure da bashi da haya bisa al'adar masu ƙara. Bayansa aka yi Ballat Hughes, mutumin Saliyo, shi ma yana da titinsa. Sanyaolu, jagoran Yarabawa, ya sami nasa. Ya kamata a lura cewa shugabannin unguwar na farko, France da Hughes, ba 'yan Nijeriya ba ne ma. Turawa sun fi natsuwa da mutumin da ya yi musu aiki shekara da shekaru, wanda kuma ba shi da babbar ƙabila a bayansa.

Abin da ya sauya fuskar unguwar shi ne dogon gabas. An haɗa Fatakwal da Inugu a 1916 saboda kwal, layin ya iso Kaduna a 1927, aka gama gadar Makurɗi a kan Binuwai a 1932. Daga nan Ibo suka fara isowa da yawa, daga ƙasar da jama'a ta yi wa gona yawa. Suka shiga reluwe da gidan waya da kantunan Turawa, suka kama tireda da sufurin mota. Kafin 1950 sun zarce Yarabawa a yawa. Ƙungiyoyin garuruwansu suka riƙa tara kuɗi, wanda ya samu ya sayi gini daga hannun mai fulotin farko, a je ofis a sauya suna a takarda.

Nan ne matsalar da take damun Sabon Gari har yau ta samo tushe. Jama'a tana ƙaruwa, iyakar unguwa ba ta matsawa, domin ba a yarda baƙo ya yi gini a wajen da'irar da aka ja masa ba. Fulotin da aka yanka don iyali ɗaya sai aka jera masa ɗakuna hagu da dama, ƙofa na kallon ƙofa, da siririn tsakar gida da banɗaki ɗaya. Haya ta zama sana'a mai riba fiye da tireda. Mai fuloti ya zama maigida mai faɗa a ji a coci da ƙungiya, alhali shi kansa ɗan haya ne a wurin gwamnati.

1940 zuwa 1966

A 1940, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, Turawa suka cire Sabon Gari daga hannun Joji suka miƙa ta ga En'e. Aka haɗa ta da Fagge da Tudun Wada da Gwagwarwa a matsayin Waje, ƙarƙashin wakilin Sarki. Haraji ya koma baitulmalin Kano. Mazauna da yawa ba su so ba, suna ganin an sa su ƙarƙashin hukumar da ba su da murya a cikinta, kuma koke a kan kwata da ruwa da hanya bai yanke ba tun daga lokacin. Ta ɓangaren fada kuwa, an karɓi unguwar da aka gina shekara 27 ba da shawararta ba, mai coci da mashaya da otal, aka ce ta mulka.

Duk da haka katangar da Turawa suka so ginawa ta riƙa yoyo. Samarin birni suna fitowa Sabon Gari kallon siliman, sauraron kiɗa da karanta jarida. Jaridar Comet ta Azikiwe ta koma Kano a ƙarshen shekarun 1940, ta zama dandalin masu sukar En'e. A Sabon Gari aka yi taron da ya haifi jam'iyyar NEPU ranar 8 ga Agusta 1950, kuma cikin mutum takwas da suka kafa ta akwai Bello Ijumu, Bayaraben Arewa, tare da su Abba Maikwaru da Magaji Ɗambatta da Mudi Sipikin. Abin da Temple da Lugga suka ji tsoro ya faru, kuma a unguwar da suka yanka don hana shi.

Sai 1953. A ƙarshen Maris Anthony Enahoro ya kawo ƙudurin neman mulkin kai a 1956, wakilan Arewa suka ƙi, aka yi musu ihu a titunan Ikko. Da Akintola, ɗaya daga cikin masu goyon bayan ƙudurin, ya shirya zuwa Kano da tawagar jam'iyyarsa a watan Mayu, rikici ya ɓarke ranar 16 ga wata, ya kai kwana huɗu. Alƙaluman gwamnati sun ce mutum 36 suka mutu, 241 suka ji rauni. Filin dagar shi ne iyakar Fagge da Sabon Gari. Bayan ƙura ta lafa, 'yan Kudun da suke zaune a Fagge suka tattara suka shiga Sabon Gari, 'yan Arewa da yawa suka fita daga cikinta. Rabuwar da doka ta kasa kammalawa cikin shekara 40, tsoro ya kusa kammala ta cikin mako ɗaya.

'Yancin kai bai taɓa tushen dokar ba. Dokar filaye ta Jihar Arewa ta 1962 ta ɗauko ta 1916 kusan ɗungurungum, ta sa Minista a gurbin Gwamna, ta kuma fayyace cewa ɗan ƙasa shi ne wanda ubansa ya fito daga wata ƙabila ta Arewa. Wanda aka haifa a Emir Road a 1925, ya yi makaranta a nan, ya binne iyayensa a nan, bai shiga wannan ma'ana ba. A 1964, lokacin da rigimar ƙidaya ta yi zafi, an tashi a majalisar Kaduna ana neman a ƙwace takardun filayen Ibo. Takardar da Girouard ya ƙirƙiro don maganin dillalan Ikko ta zama abin da ake yi wa maƙwabci barazana da shi.

1966 zuwa yau

Juyin mulkin 15 ga Janairu 1966 ya ci Sardauna da Tafawa Ɓalewa da manyan hafsoshin Arewa. Dokar haɗe ƙasa ta sabon shugaban soja Ironsi ta fito ranar 24 ga Mayu, ranar 29 aka far wa Ibo a Kano da wasu garuruwa. Mafi muni ya zo ranar 1 ga Oktoba, lokacin da sojojin da suka yi tawaye tare da 'yan iskan gari suka kashe mutane a filin jirgin sama da tashar jirgin ƙasa da cikin Sabon Gari. Mutanen da aka kashe akawuna ne da 'yan tireda da mata da yara, ba su da hannu a abin da wasu hafsoshi suka aikata a Janairu. Akwai Kanawan da suka ɓoye maƙwabtansu a ɗakunan matansu har suka sami hanyar fita, wannan ma yana cikin tarihin. Waɗanda suka tsira suka tafi gabas, tituna suka yi fayau.

Abin da aka yi da gidajensu ya cancanci a daɗe a kansa. An ƙirƙiro Jihar Kano ranar 27 ga Mayu 1967, Audu Baƙo ya zama Gwamna. Hukuma ba ta raba gidajen a matsayin ganima ba. An sa su a hannun kwamiti, aka zuba 'yan haya, ana karɓar kuɗi ana ajiyewa da sunan mai gida. Wasu kuma abokan kasuwancinsu Hausawa da Yarabawa suka bar wa amana. Da yaƙin basasa ya ƙare a Janairu 1970, masu gidaje suka fara dawowa, da yawansu suka karɓi gidajensu tare da hayar da ta taru. A lokacin gwamnatin tarayya fam 20 kacal take ba wanda ya yi ajiya a banki a yankin Biyafara, don haka wannan kuɗin haya shi ne jarin da mutane da dama suka sake tashi da shi. A Fatakwal, wadda take maƙwabtaka da ƙasar Ibo, rigimar gidajen da aka bari ta ɗauki shekaru, da yawa ba su koma hannun masu su ba. Lambar fuloti da rajistar da Joji ya bari sun taimaka a nan, domin kowane gida an san sunan da ke kansa. Amma rajista ba ta mayar da gida sai hukuma da jama'a sun yi niyya, kuma Sarki Ado Bayero da gwamnatin Audu Baƙo sun yi.

Ranar 29 ga Maris 1978 gwamnatin Obasanjo ta fitar da dokar amfani da ƙasa, aka kuma cusa ta cikin tsarin mulkin 1979. Tsarin Arewa na 1910 aka shimfiɗa wa Nijeriya gaba ɗaya: ƙasar kowace jiha tana hannun Gwamnanta, kowa haƙƙin zama yake da shi. A rubuce, bambancin ɗan ƙasa da baƙo a kan fili ya faɗi daga ranar. Bakano da mutumin Inugu takarda iri ɗaya suke nema.

A aikace unguwar ta ci gaba da cika. Kuɗin man fetur na shekarun 1970 ya kawo sababbin baƙi, gidajen ƙasa suka fara ba benaye wuri, ƙasan bene shago, samansa ɗakunan haya ko otal. Lungunan bayan gida da aka bari don masu bokiti, da aka daina wannan aiki, wasu aka toshe su da gini, wasu suka zama juji, ruwan sama ya rasa hanyar da zai bi zuwa Jakara. Gwamnatin Abubakar Rimi (1979 zuwa 1983) ta sake gina kasuwa da bulo da kankare, kasuwar da yanzu take ɗauke da sunansa, wadda gobarar Maris 2016 ta cinye dubban shagunanta. Unguwar ta tsallaka ta haifi Nomansland a arewacinta, wasu mazaunan kuma suka bazu zuwa Birget da Dakata da Badawa. Sai dai kowace tarzoma, irin ta Oktoba 1991 a kan zuwan mai wa'azi Reinhard Bonnke, takan sa waɗanda suka fita su sake tattarowa ciki, haya ta ƙara tashi. Harin bam da aka kai tashar motocin New Road ranar 18 ga Maris 2013 ya sa wasu iyalai sun mayar da mata da yara gida, maza suka zauna da shaguna.

Yau Sabon Gari mazaɓu biyu ce a Ƙaramar Hukumar Fagge, ta gabas da ta yamma. An sauya wa wasu tituna suna a hukumance, amma direban A Daidaita Sahu da fasinjansa tsohon sunan suke kira. Gidaje da yawa suna hannun jikoki da tattaɓa-kunnen waɗanda suka saya a shekarun 1930 da 1940, magada sun warwatsu tsakanin Kano da Anacha da Ikko da ƙasashen waje, takardar tana ɗauke da sunan kakan da ya daɗe da rasuwa. Idan aka tashi sayarwa, mai saye sau da yawa ɗan kasuwar Kano ne da yake neman wurin ajiye kaya kusa da kasuwa, sai ya rushe ɗakunan hayar ya gina shaguna da sito a kan fulotin.